Amanar da Aka Bari a Tashar Magarya

Duk wanda ya zauna da Balarabe a unguwar Sih ta Madina, ko da zaman shan shayi ɗaya ne, ya san Tashar Magarya kamar ya taɓa sauka a cikinta. Allah ya jiƙan Balarabe, bai taɓa gajiya da labarinta ba.

'Yar ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a wani ɗan gari na bakin Bahar Maliya, ta wajen Sudan. Wani siririn layi ne ya ɓalle daga babban layin dogo, ya gangaro har bakin ruwa ya tsaya cak, don ba abin da ke gaba sai teku. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, da tankin ruwa bisa ƙafafun ƙarfe, da bencin katako, da wata tsohuwar magarya a bayan ofis. 'Yan garin suna da sunan da suke kiranta da Larabci, amma Hausawa masu tafiya hajji ta ƙasa da bishiyar nan suka san ta. Jirgin yakan zo ya kwashi gishiri da busasshen kifi, ya sauke maniyyata masu neman jirgin ruwan da zai tsallaka da su, sannan ya koma da baya-baya ta inda ya fito.

Uban Balarabe, Siddiƙu, da ƙafa ya baro Kano shi da matarsa Kaltume. Suna tafe suna ƙwadago, su yi damina a nan, su yi rani a can. A gonakin auduga na Sudan aka haifi Balarabe ranar wata Laraba, bayan wasu shekaru aka haifi ƙanwarsa Lami. Amma a wurin mutanen hanya, inda cibiyar yaro ta faɗi zango ne kawai. Garin uba shi ne gari. Siddiƙu yakan kama kunnen ɗansa cikin wasa ya ce, "In an tambaye ka, kai ɗan ina ne?"

"Bakano ne ni, ɗan Siddiƙu na Madabo."

"Ban ji ba. Sake faɗa."

Sai ya sake faɗa da ƙarfi, uban ya yi dariya ya sake shi. Yaron bai taɓa ganin Kano ba, bai san ko Madabo unguwa ce ko kasuwa ba, amma amsar ta zauna masa a baki kamar Fatiha.

A Tashar Magarya tafiyar Siddiƙu ta ƙare. Ya kama dakon buhunan gishiri don a samu na tsallake teku, gishirin ya ci masa kafaɗa, tari ya ci masa ƙirji. Aka binne shi a bayan magaryar nan. Kafin ya cika ya riƙe hannun matarsa ya ce ko ta halin ƙaƙa ta ƙarasa abin da suka fito nema.

Da lokacin tafiya ya zo, sai ƙyanda ta kama Lami. Ba ta wuce shekarun fara ɗaura zane ba. Mai jirgin ruwan ya leƙa fuskarta ya ja da baya, ya ce ko za a cika masa jirgin da zinariya ba zai ɗauke ta ba. In kuwa wannan jirgi ya tashi, babu wani sai baɗi.

Abin da matafiya kan yi a irin wannan hali shi ne su bar yaro amana. Ba da wasa ake yinsa ba. Akan tara shaidu, uwa ta kama hannun ɗanta ta sa a hannun wadda za ta bar wa, ta kuma faɗi da bakinta hannun da zai zo ya karɓa. Ba a aika amana, ba a damƙa ta ga ɗan saƙo komai kirkinsa. Wanda aka ambata shi zai zo da ƙafarsa. Haka Kaltume ta yi a ƙarƙashin rumfar kwanon nan, a gaban Abdallah mai juya wa jirgi layi, wani Bahaushe da ya daɗe a tashar, da matarsa Uwa.

"Uwa, ga amanar Allah. Hannuna ne zai karɓa. In ba ni ba, hannun yayanta."

"Na karɓa," in ji Uwa. "Allah ya dawo da ku lafiya."

Kaltume ta durƙusa a gaban bencin da aka zaunar da yarinyar lulluɓe da zane, fuska duk ƙuraje. Ta ce, "Ki zauna nan, kin ji? Kada ki bi kowa. Ko wa ya ce zo in kai ki wurin Inna, kada ki je. Sai ni ko yayanki."

Lami ta gyaɗa kai. Balarabe ya juye mata 'ya'yan magaryar da ke aljihunsa a cinya.

"Kafin ki cinye mun dawo," ya ce mata.

Sun yi hajji, sun iso Madina, amma dawowa ba ta yiwu ba. Shiga ta yi sauƙi a lokacin, fita da sake shigowa ne ya zama wuya, kuma kullum wuyar ƙaruwa take. Kaltume ta kama sayar da tsabar tattabaru a kusa da Harami tana tarin guzuri, ciwo ya riga guzurin cika. Ranar da za ta rasu bakinta ya yi nauyi, kalma ɗaya kawai Balarabe ya iya tsinta: "Lami." Aka kai ta Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Annabi, inda ba a rubuta sunan kowa. Shi dai ya riƙe ɓangaren a ransa. Tun daga ranar yake roƙon Allah ya ba shi kwanciya a ƙasar nan, kusa da ita, kamar yadda kowane mazaunin Madina ke roƙo.

A lambunan dabino na Ƙuba ya girma, a can kuma ya tsufa. Ya fara da share magudanar ruwa, har ya zama mahayi. Idan sanyi ya fara ja baya, dabino ya fasa fure, sai ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau, ya cire ƙaya, ya tsaga kwanson furen macen ya cusa mata silin furen namiji ya ɗaure. In ba a yi wa dabino haka ba, ba ya 'ya'yan kirki. Tafin hannunsa ya zama kamar ɓawon bishiyar, har yara kan ce musafaha da shi tana kankare fata. Ya yi aure, matarsa Innayatu ta rasu ba su bar ɗa ba, bai sake ba. Akwai lokacin da yake da iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin mai lambun. Da mai lambun ya mutu magada suka sayar, aka sare dabinon aka dasa benaye, takardar ta mutu tare da lambun. Daga nan ya koma aikin yini a lambunan da suka rage, yana tafiya ta lungu, yana kauce wa inda ake tare mutane. Ba shi da takardar ƙasar nan, ba shi da ta ƙasar da aka haife shi, balle ta ƙasar ubansa. Ya san abu ɗaya: ranar da ya sa ƙafa waje, shi da Madina sai a lahira.

Amininsa shi ne Ɗanmusa, wanda kakansa ya zo daga Damagaram tun da wuri har suka zama 'yan ƙasa. Ya yi shekaru yana jan motar haya kafin idonsa ya raunana. Wasan Kanawa da Damagarawa ya haɗa su, kullum suna cikin tsiya. Duk Juma'a bayan la'asar Balarabe yakan ja shi zuwa tsohuwar tashar jirgi ta Anbariyya, wadda ta daina aiki tun kafin a haife su, su zauna daga waje suna kallon ginin.

"Kai dai bawana Bakano akwai wauta," Ɗanmusa yakan ce. "Ga sabon jirgi can mai gudu kamar walƙiya, mutane na zuwa kallo, kai ka kawo ni tashar matattu."

"Wancan jirgin ya san hanyar Magarya?"

"Wannan ɗin ya sani?"

"Wannan aƙalla ya san jira. Zauna, tsohon bawa, in ba ka labari."

"Ya shaikh, na haddace! Tanki, benci, magarya."

"Ka manta rumfar kwano."

Labarin Lami bai taɓa yankewa ba. Da fari alhazan Sudan ne ke kawo shi da baki, daga baya aka shiga aiko da kaset, ya sa a rediyo ya ji muryar wata mace babba tana ce masa Yaya. Ta warke, ta girma a hannun Uwa, ta auri wani ma'aikacin layi, ta haifi 'ya mace Sundus, ta kafa teburin shayi a ƙarƙashin rumfar. Mijin ya so su koma babban gari, ta ƙi. Uwa da Abdallah suka mutu. Motoci suka ƙwace dakon gishiri, jirgin ya rage zuwa, wata rana ya tafi bai sake dawowa ba. Rairayi ya rufe layin, masu gini suka ɓanɓare abin da suka iya, tankin ya yi tsatsa ya huje. Mijin ma ya mutu. Lami ta kwashe kayanta ta koma ɗakin ofis, ta ci gaba da share dandamalin tashar kowace safiya.

Kowace shekara Balarabe kan aika mata dabinon ajwa da zamzam, ya ce a gaya mata baɗi in Allah ya so. Ita kuma ba ta yar da ƙwallayen, sai ta binne su a gefen layi. Biyu suka rayu suka yi tsawo, suna fure ba sa 'ya'ya. Da wayar hannu mai nuna fuska ta zo, Sundus ta juya masa ita ya gan su, sai ya dafe kai.

"Ai mata ne duka biyun! Babu namiji a garin?"

"Kawu, nan ba garin dabino ba ne," in ji Sundus.

Daga shekarar ya shiga shanya furen namiji yana ƙullewa a tsumma yana ba masu umara. Ba a taɓa dacewa ba. Kafin ƙullin ya isa furen matan ya bushe, in ma ya isa da wuri babu mai hawa.

"Ka zo ka hau abinka, Yaya," Lami takan ce tana dariya. "Ni na shuka, saura naka."

"Ina nan tafe."

"Haka ka ce bara."

Har aka zo shekarun nan da yaƙi ya ɓarke a Sudan. Bai kai bakin teku ba, amma yunwarsa da 'yan gudun hijirarsa sun kai. A lokacin ne Suhaib, ɗan Ɗanmusa, wanda ke aiki a wani kamfanin masu umara, ya ce yanzu hanya ta samu. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, sai in zai yi wa Balarabe magana yake lallaɓa harshensa, yana ce masa Ammi, wato baffa.

"Ammi, halas, an gama. Ita da Sundus duka. Su hau jirgin ruwa zuwa Jidda, ni zan tarbe su in sa su a jirgin ƙasa. Kai dai ka sa farar riga ka jira a tasha."

Balarabe ya sa aka ɗinka masa riga. Ya share ɗakinsa, ya ari katifa, ya sayi turaren wuta. Har sabuwar tashar ya sa Ɗanmusa ya raka shi, don ya ga ƙofar da fasinja ke fitowa. Mu da muka san shi ba mu taɓa ganin haƙoransa a waje kamar kwanakin nan ba.

Abin da Sundus ta daɗe tana ɓoye masa shi ne, tsufa ya fara taɓa hankalin uwarta. Takan manta ta ci abinci, takan kira Sundus da sunan Uwa. Abin da ya faru jiya ya ɓace mata, abin da ya faru tana yarinya ya dawo sabo fil. Ranar tafiya mota ta zo har bakin rumfa, aka loda kaya. Lami ta zauna a bencin nan ta riƙe katakon da hannu biyu. Sundus ta kira Madina tana kuka, aka sa wa tsohuwar wayar a gabanta.

"Lami, ni ne, Yaya. Shiga motar. Wurina za su kawo ki."

Ta dubi farin gemun da ke cikin wayar, ta kau da kai.

"Inna ta ce kada in bi kowa."

"Ai ni na aiko su."

"Ta ce ko wa ya ce zo in kai ki, kada in je. Sai ita ko Yaya."

"To ga ni, ni ne yayan!"

"In kai ne, ka zo ka kama hannuna."

Aka yi lallashi, aka kawo liman, aka ce a ɗauke ta da ƙarfi. Ta yi ihun da ya tara unguwa, ta ciji direba, numfashinta ya ɗauke har aka yayyafa mata ruwa. Sundus ta ce ba za ta kashe uwarta a hanya ba. Aka sauke kaya, motar ta tafi.

Balarabe ya yi kwanaki ba ya fita. Ran Juma'a ya je wurin Ɗanmusa, bai ce su tafi Anbariyya ba, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Zan je."

"Ina?"

"Zan miƙa kaina inda ake tara marasa takarda. Su mai da ni Sudan. Daga inda suka sauke ni zan nemi mota."

"Ka haukace? In ka fita ba ka dawowa. Mutane na sayar da gidajensu don su zo su mutu a garin nan, kai da ƙafarka ɗaya ke cikin Baƙi'a za ka fita?"

"Gaskiya ta faɗa, Ɗanmusa. Hannuna aka ambata."

"Ba ta cikin hankalinta!"

"Ita ce mai hankalin. Ita ta riƙe abin da aka ce mata. Ni ne nake ta aika tsumma."

"To ka kama hannunta ka kai ta ina? Kai ba ka da hanyar dawowa, ita ba ta tafiya sai da kai."

Balarabe ya murza tafin hannunsa ya ce, "Sai mu zauna a bencin tare. In Inna ta tambaye ni gobe, in ce na karɓa."

Ɗanmusa ya yi faɗa, ya yi zagi, ya yi kuka. Da ya ga ba juyawa, sai shi da Suhaib suka zaunar da shi suna koya masa abin da zai faɗa. Za a tambaye shi ƙasarsa, kuma tunda ba takarda, bakinsa ne shaidarsa.

"Ammi, Sudan. Ka ce a Sudan aka haife ka, 'yar'uwarka tana can. Bas, shi ke nan. Kada ka ƙara komai."

"Na ji."

"Faɗa mu ji," in ji Ɗanmusa. "Kai ɗan ina ne?"

"Sudan."

"Ka ga yadda yake faɗa kamar an ba shi maɗaci. Sake!"

"Sudan, Sudan. Kai, bawan nan ya raina ubangidansa."

Da safe bayan an buɗe Baƙi'a ya shiga, ya tsaya a ɓangaren da ya sani, ya daɗe. Ya je ya yi sallama ga Annabi. Ya bi ta Ƙuba ya roƙi wani mai lambu busasshen silin furen namiji, ya ƙulle a tsumma ya sa a aljihun sabuwar rigar, don lokacin fure ya kusa, ya ce wannan karon da kansa zai hau. Ɗanmusa ya raka shi har ƙofar wurin. Suka rungume juna, kowa ya kasa tsokanar ɗan'uwansa.

Abin da ya faru a ciki, shi ya ba da labari daga baya ta waya. Ya jima a tsare cikin jama'a iri-iri, ba a wulaƙanta shi ba, amma ba wanda ya yi masa magana da harshen gida. Rannan aka kawo masu tantance ƙasar kowa. Wanda ya zo kansa wani mutum ne mai matsakaicin shekaru, ya dubi tsagen fuskarsa da furfurarsa, ya rusuna ya ce da Hausa, irin ta Kano tsantsa:

"Baba, sannu da haƙuri. Ɗan wane gari ne?"

Balarabe ya ce wallahi muryar ubansa ya ji. Rabonsa da wannan lafazi tun ana kama masa kunne. Bakinsa ya riga kansa.

"Bakano ne ni, ɗan Siddiƙu na Madabo."

"Allahu akbar! Madabo? Ai kakata 'yar can ce. Baba, kwantar da hankalinka, gida za ka."

Suka yi ta hira, mutumin yana ba shi labarin unguwar, shi kuma yana murna wai ashe da gaske akwai ta. Sai da ya koma ya zauna, hannunsa ya taɓa ƙullin da ke aljihu, sannan ya farga da abin da ya faɗa. Ya miƙe ya bi mutumin, ya ce a Sudan aka haife shi, can yake son zuwa, ƙanwarsa na jira.

"Haba Baba, ana gudowa daga can kai za ka shiga? Kana da wata shaida tasu? To wa zai karɓe ka? Kai da bakinka ka faɗi gidanku. Ba zan bari a jefa dattijon unguwarmu cikin wuta ba."

Da zuciya ɗaya ya yi, yana ganin ceto ya yi. Ɗanmusa da Suhaib suka yi ta zirga-zirga, ba su samu ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Aka sa Balarabe a jirgin sama. Ya ce da suka bi ta saman teku ya manna fuska a taga ko zai hango rumfar kwano, bai ga komai ba sai ruwa, sai ƙasa ja, sai gajimare.

Haka ya sauka a garin da ya yi shekara saba'in da wani abu yana cewa nasa ne. Ya tambayi Madabo aka kai shi. Ya bi gida-gida yana tambayar dangin Siddiƙu wanda ya tafi hajji da ƙafa. Tsofaffi suka yi ta tunani, wani ya ce kamar ya taɓa ji, wani ya ce ko na wata unguwa ne. Ba a samu kowa ba. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Wani mai shagon dabino ya ba shi ɗaki a zaurensa, yara suna kiransa Baba Ɗan Madina, abin da ba a taɓa kiransa da shi a Madina ba.

"Ka ji ikon Allah," ya ce wa Ɗanmusa a waya. "A can ni Bakano ne, a nan ni ɗan Madina ne."

"Yaya garin ubangidan nawa?" Ɗanmusa ya ce, yana son ya ba shi dariya.

"Garin yana da kyau. Ka tambayar mini, daga nan zuwa Magarya ta ina ake bi?"

Ɗanmusa ya tambaya, Balarabe ma ya tambaya a tashoshin mota. Kowa ya ce masa hanyar da ubansa ya bi da ƙafa yanzu wuta ce, direba ba ya shiga. Ta sama kuwa sai da fasfo, fasfo sai da shaidar haihuwa, shaidar haihuwa sai da wanda ya san an haife shi. Lokacin furen dabino ya zo ya wuce. Da aka kira Sundus ta sa wa Lami waya, sai ya kasa gaya mata inda yake, ya ce yana hanya.

Damina ta sauka. Bai taɓa ganin ruwa irin wannan ba, yakan zauna a zaure yana kallonsa kamar yaro. Sauro ya same shi baƙo, zazzaɓi ya kwantar da shi, jikin da ya saba da busasshiyar iskar Madina bai iya ɗauka ba. Mai shagon ya kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya. A kiransa na ƙarshe muryarsa ta yi siriri.

"Ɗanmusa, in ka shiga Baƙi'a, ka bi ta hannun dama, can wajen katanga. Ka ce wa Inna na fito. Ka ce mata wallahi na fito, hanya ce ta kauce."

"Kai za ka zo ka faɗa da bakinka, ragon Bakano."

"Ka dai faɗa mata."

Ranar wata Talata da hantsi ya cika. Mutanen unguwa suka yi masa sutura, suka sallace shi da yawa, suka kai shi maƙabartar garin. Mai shagon ya gaya wa Ɗanmusa a waya cewa sun sami wani ƙullin tsumma a aljihunsa, da suka kwance sai garin fure ya bi iska, ya tambaya ko magani ne. Ɗanmusa ya ce masa a'a, ba magani ba ne.

Allah ya jiƙanka, Balarabe. Allah ya sa ƙasar da ta karɓe ka ta yi maka sauƙi, ya tashe ka tare da mutanen Baƙi'a, don ka san ba don son ranka ka bar su ba.

An gaya wa Lami. Sundus ta ce ta yi kuka yini guda, ta ƙi cin abinci. Washegari da safe ta yi wanka, ta ƙulle 'yan kayanta a zane, ta share dandamali, ta zauna a benci. Aka sake gaya mata, ta sake kuka kamar yau ta fara ji. Daga nan Sundus ta hana a ƙara.

Ɗanmusa yana da fasfo, ba abin da zai hana shi fita ya dawo. Ya ce wa Sundus a waya zai zo da kansa, ko da idon nan nasa, ya kama hannunta ya kawo ta Madina.

"Ba za ta bi ka ba, Baba," in ji Sundus. "Ba hannunka aka ambata ba."

Duk da haka ya ce a sa mata wayar. Ya ga rumfar kwano ta rufta gefe guda, ya ga ƙafafun tanki, ya ga dabino biyu tsaye ba ko ɗa ɗaya a kansu. Bai taɓa zuwa wurin ba, amma ba abin da bai gane ba. Tsohuwar ta matso da fuskarta, tabon ƙyanda yana nan a kumatunta.

"Wane ne? Yaya ne?"

"Abokinsa ne, Lami."

"To, in ka gan shi ka ce ya yi sauri," ta ce. "Ka gaya masa na cinye magaryar tuntuni."